Yadda Musulmin Birtaniya Ke Riƙe da Addini a Rayuwar Yau da Kullum

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna akwai Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin ɗari. Ba jiya suka zo ba. Tun ƙarni na 19 ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman da Somaliya suka yada zango a garuruwan gaɓar teku irin su Cardiff da South Shields, kuma a 1889 aka gina Masallacin Shah Jahan a Woking. Amma kwararar gaske sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masaƙun Bradford da masana'antun Birmingham ke neman ma'aikata ruwa a jallo. Mutanen Mirpur, da na Silhet a Bangladesh ta yau, da na Gujarat suka amsa kira. Larabawa da Turkawa da 'yan Najeriya suka biyo sahu.

Duk bambancin harshe da mazhaba, abu guda ya haɗa su: gari ba ya tuna wa mutum addininsa, shi ne zai tuna wa kansa. Yawancin masallatai ba sa fitar da kiran salla a lasifika. Don haka za ka tarar da jadawalin lokutan salla manne a jikin firji, da manhaja a waya, a wasu gidajen kuma da 'yar rediyo mai kamo kiran salla daga masallacin unguwa. Jadawalin nan ba ado ba ne. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, sai azahar da la'asar da magariba duk su riski ma'aikaci yana bakin aiki. Dole ya tanadi darduma a durowa, ya san lungun da zai shimfiɗa ta. A watan Yuni kuwa sai bayan tara na dare ake magariba, alfijir ya keto kafin barci ya yi nisa.

Juma'a ranar aiki ce kamar kowace. Da hutun cin abincin rana ake zuwa masallaci, shi ya sa manyan masallatai ke yin jam'i biyu ko uku a jere, ana huɗuba da Turanci haɗe da Larabci ko Urdu. Da yawa daga cikin masallatan asalinsu gidajen zama ne, ko ɗakunan ajiye kaya, ko majami'u da aka saya. Na titin Brick Lane a gabashin Landan an gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira, Yahudawa suka mayar da shi wurin ibadarsu a 1898, ya zama masallaci a 1976. Da karo-karon jama'a ake biyan liman da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. A bakin ƙofa, kusa da kantar takalma, akwai 'yar na'urar da mutum zai ɗora katin banki ya ba da sadakarsa ya wuce.

Cefane ma sai da lura. Uwargida ba ta jefa kaya a kwando sai ta juya bayan leda ta karanta, ko akwai sinadarin alade ko giya, har a alewar yara. Nama kuwa sai wurin mahaucin halal. Doka ba ta yarda a kayar da rago a tsakar gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mai layya zai biya mahauci tun da wuri, ya je ya karɓi namansa a yanke cikin leda, wani lokaci sai washegarin Salla. Da yawa sun gwammace su aika kuɗi gida, ko Mirpur ko Mogadishu ko Kano, a yanka da sunansu a raba wa dangi.

Yaro kan taso daga boko wajen ƙarfe uku da rabi, ya ci abinci, ya sauya kaya, ya nufi Islamiyya daga biyar zuwa bakwai. A gida kaka na yi masa magana da Punjabi ko Somaliyanci, yana mayar mata da Turanci. Wannan ne ya sa iyaye ke neman limaman da aka haifa a ƙasar, masu iya amsa tambayar matashi da harshen da yake tunani da shi.

Azumi na juyawa da shekara. Da ya faɗo a tsakiyar bazara wajen 2015 da 2016, an riƙa kai sa'o'i 18 ko fiye ba ci ba sha, ga aiki ga jarrabawa. Yanzu yana gangarowa cikin hunturu, yinin na raguwa. Masallatai na buɗa-baki kyauta, har da waɗanda ba Musulmi ba. A 2023 aka fara ƙawata wani titi a tsakiyar Landan da fitilun Ramadan, kuma magajin gari Sadiq Khan ne ya kunna su. Ranar Salla ba hutun gwamnati ba ce, sai mutum ya nemi izini a wurin aiki, alhali bai san takamaiman ranar ba. Wasu na bin ganin watan Saudiyya, wasu na Maroko, har a unguwa ɗaya wani na Idi maƙwabcinsa na azumi. Duk da haka dubban mutane kan cika filin Small Heath a Birmingham don sallar Idi.

Aure sau biyu ake ɗaura shi ga mai hangen nesa: na liman da na rajistar hukuma, domin na liman kaɗai ba ya ba mace haƙƙin matar aure a kotun Ingila. Mutuwa ma da nata takardun. Ba a kai gawa kabari sai an sami shaidar likita an yi rajista, idan kuma hukuma na son binciken musabbabin rasuwar, sai a kwana ana jira. Saboda haka al'ummomi suka kafa asusun jana'iza da kowane gida ke zuba wa kuɗi. A da, babban aikin asusun shi ne sa gawa a jirgi a mayar da ita ƙauyen su mamaci. Yau iyalai da dama sun fi son a binne nasu a maƙabartu irin Gardens of Peace da aka buɗe a gabashin Landan a 2002, saboda 'ya'ya da jikokin da za su riƙa kai ziyara a nan aka haife su, kuma a nan za su zauna.