Halin da ya kama kamar rini

Idan Baturen Ingila ya ce wani mutum "dyed in the wool" ne, yana nufin halinsa ko aƙidarsa ta shige shi har ɓargo, ba ta kankaruwa. Daga marina maganar ta fito.

Ingila ta daɗe tana cin arzikin gashin tumaki. Har yau shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya a kan wani matashi da aka cusa wa ulu yake zama, al'adar da ake dangantawa da zamanin Sarki Edward na Uku a ƙarni na 14. Marinan ƙasar suna da hanya biyu. Ko dai a saƙa yadi a gama sannan a tsoma shi, ko kuma a rina gashin tun yana ɗanye, kafin a kaɗe shi ya zama zare. A hanya ta biyun launi yana ratsa kowane sili, don haka wanki da rana ba sa saurin koɗar da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano, ya ga ana tsoma yadi a baba ana ɗagowa ya sha iska, zai gane ƙimar rinin da ya kama.

Tun ƙarni na 16 marubutan Ingila suka fara kwatanta tarbiyyar yara da wannan rini. A ƙarni na 19 kuwa 'yan siyasar Amurka suka ɗauki maganar, suna laƙaba wa ɗan jam'iyyar da ba ya sauya sheƙa. Wani lokacin yabo ne, amma sau da yawa zargin taurin kai ne.