Kada mu jira sai haƙori ya hana mu barci

A hunturun bara na rasa turmina na ƙasa na ɓangaren dama, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Kusan shekara biyu haƙorin nan yana yi mini gargaɗi. Da farko, in na kurɓi ruwan sanyi sai in ji tsam kamar an soka mini allura, nan take ya wuce. Daga baya nama ya riƙa maƙalewa a wurin, na mai da tsinken sakace abokin tafiya. Da zafi ya fara, na koma tauna da ɓangaren hagu, ina cusa kanumfari a kogon, ina sayen ƙwaya a kemis. Har akwai lokacin da ciwon ya ɗauke ɗif na wasu makonni, na yi hamdala na ce ya warke. Sai wani dare na farka da kumatu a kumbure, ga zazzaɓi, ga zogi har cikin kunne. Asuba ta gari a asibiti ta yi mini.

Likitan ya duba, ya sa aka ɗauki hoton haƙorin, sannan ya ce: “Malam, da ka zo tun lokacin da ruwan sanyi ya fara damunka, ciko kawai zan yi maka. Da ka zo lokacin da ya fara hana ka barci, da mun cire jijiyar mun ceci haƙorin. Yanzu ya ruɓe har saiwa, sai cirewa.” Na ce, “To Likita, ai ya taɓa daina ciwo.” Ya ce, “Ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu.”

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba ni kaɗai ba ne. Akasarinmu ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya kai mu, alhali a sha'anin haƙori ciwo ɗan aike ne mai zuwa a makare. Shi ya sa da yawa ke ɗaukar likitan haƙori a matsayin mai cire haƙori kawai. Mu ne muke kai masa haƙoran a lokacin da babu sauran abin yi sai cirewar.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Abin takaici shi ne, mafi yawan waɗannan cututtuka ana iya kauce musu da abin da bai fi ƙarfin talaka ba.

Bari mu fara da yadda haƙori ke lalacewa, domin har gobe akwai masu cewa tsutsa ce ke cin sa, akwai kuma masu karɓar kuɗin jama'a da sunan fitar da ita. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke taruwa cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da muka ci ko muka sha abu mai sukari, sai su sarrafa shi ya zama sinadari mai tsami, wanda ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali. Ɓawon nan shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma ƙashi in ya karye yana haɗewa, shi kuwa haƙori in ya yi kogo ba ya cikewa da kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: daga kogon ɓarnar ke nutsawa har ta kai ga jijiya.

Yawu yana wanke tsamin nan, yana kuma gyara ɓawon kafin ya huje, amma sai an ba shi lokaci. Saboda haka yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya karya da shayi mai sukari, da hantsi ya tsotsi alawa, da rana ya sha lemon kwalba, da yamma zoɓo, da dare kuma ya koma teburin mai shayi, bai bar wa bakinsa sararin hutawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda kan cinye kaso mai yawa na wannan adadi.

Kulawar yau da kullum kuwa ba ta da wuya. A goge baki sau biyu a rana, na tsawon minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na dare shi ne mafi muhimmanci, domin yawu yana raguwa a lokacin barci, kuma shi ne wanda muka fi sakaci da shi. Bayan an goge a tofar da kumfan, kada a bi shi da kurkura nan take, don sinadarin ya daɗe a kan haƙora. Kada a dirje da ƙarfi kamar ana wanke tukunya. Buroshi mai tauri, da gawayi ko toka, suna kankare ɓawon, suna kuma janye dasashi. A canza buroshi duk wata uku. A tsabtace tsakankanin haƙora da zaren da aka yi domin haka, ba da tsinken tsintsiya ko allura ba.

Asuwaki gado ne mai kyau, addini ya kwaɗaitar da shi, kuma in an iya amfani da shi yana cire dauɗa sosai. Sai dai da yawanmu tauna shi kawai muke yi muna hira, muna goge haƙoran gaba, mu bar turame da bayan haƙora. Ni dai abin da na koma yi shi ne asuwaki da rana, buroshi da man goge baki safe da dare.

Sai batun dasashi, wanda shi ke riƙe da haƙori. In mutum ya ga jini yayin goge baki, ba alamar ya daina gogewa ba ce, alamar dasashi ya kumbura ne saboda dauɗar da ta taru a gindin haƙora. In aka bar ta, sai ta daskare ta yi tauri kamar dutse, buroshi ba ya iya fitar da ita. Daga nan sai warin baki, sai ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa, haƙori lafiyayye ya riƙa girgiɗi har ya faɗi. Wannan ne ya mai da dattawa da yawa masu giɓi, ba tsufa kaɗai ba. Masu ciwon sukari, da masu shan taba, da mata masu juna biyu, su suka fi bukatar lura da dasashinsu.

To me ake yi a asibitin? Aiki mafi sauƙi shi ne wankin haƙori, inda ake kankare daskararriyar dauɗar nan da na'ura, har da jan goro da baƙin taba. Masu cewa wanki yana buɗe tsakanin haƙora sun yi kuskure: giɓin yana nan tun da, datti ne ya rufe shi. Na biyu shi ne ciko, inda ake share ruɓaɓɓen wurin a cike kogon, kuma akwai cikon da ya dace da launin haƙori. Na uku shi ne cire jijiya idan ɓarna ta yi zurfi: a tsabtace cikin saiwar, a toshe ta, sau da yawa a sa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Cirewa ita ce ta ƙarshe. Bayanta kuma akwai sauran aiki, domin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin kan karkata, sai a bukaci haƙorin roba ko dashe.  Ana yin waɗannan ayyuka da allurar kashe zafi, kuma ni shaida ne cewa zafin daren da na kwana ina juyi ya ninka na kujerar likita.

Akwai abubuwan da ya wajaba mu guje wa. Maganin kashe zafi yana rufe bakin ciwo ne kawai, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya cike kogo. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi, balle ruwan batir ko fetur da wasu ke ɗigawa. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hana buɗe baki da haɗiya, ba na jiran wayewar gari ba ne, domin yana iya toshe numfashi ya yi kisa.

Yara su ne suka fi ba ni tausayi. Mukan ce haƙoran nono ne, ai za su faɗi. Haƙoran nan 20 su ne ke riƙe wa na dindindin 32 gurbi, kuma ciwonsu yana hana yaro ci da barci da karatu. Iyaye da yawa ba su san cewa turmin farko na dindindin yana fitowa ne tun yaro yana da kimanin shekara shida ba, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. In ya ruɓe, ba shi da magaji. A fara goge wa yaro baki da zarar haƙorin farko ya ɓullo, da ɗan man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a kuma ci gaba da taya shi har ya kai shekara bakwai. Mu da muke Arewa muna da ƙarin dalili: cutar noma, wadda ke farawa daga kumburin dasashi a bakin yaro mai tamowa ta cinye masa fuska, tana nan a tsakaninmu, har akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranta.

Na san mai karatu zai ce, ina likitocin, ina kuɗin? Tambaya ce mai tushe. Likitocin haƙori sun yi ƙaranci, kuma galibinsu suna manyan birane ne, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin karkara kan yi doguwar tafiya kafin ya ga ko ɗaya. Ya kamata gwamnatocin jihohi su kai duba baki da wanki da ciko cibiyoyin lafiya a matakin farko, su kuma mai da duba haƙoran ɗalibai al'ada a makarantun firamare. Amma mu da muke birni, muke da ilimi da albashi, ba mu da wannan uzuri. Ni asibitin bai fi tafiyar minti ashirin daga gidana ba.

Yanzu na ɗaukar wa kaina alkawarin kai bakina a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba na jin komai, na kuma kai yarana. Kullum harshena ya taɓa giɓin nan sai in tuna shekara biyun da na yi ina cewa gobe. Idan akwai haƙorin da ke yi maka tsam in ka sha ruwan sanyi, kada ka jira daren da zai hana ka barci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.