Rigakafi Ya Fi Magani: Ina Aka Kwana Kan Cututtukan Saduwa?

Tun zamanin fataken goro da ke ratsa Djougou daga Kano zuwa Gwanja, mu mutanen hanya ne. Yau manyan motoci ne ke tasowa daga Kwatano, su bi ta Parakou su nufi Malanville. Inda mutane ke kai da komo kuwa, cuta ma tana bin sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace rana mutum fiye da miliyan 1 ke kamuwa da cututtukan saduwa irin waɗanda ake warkewa. Mun san magana ce mai nauyi a baki, amma kunya ba ta tsare jiki.

Cuta biyu dai an riga an yi musu allurar rigakafi mai ƙarfi. Ta farko ita ce ciwon hanta nau'in B, wanda ke bi ta jini, ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. An samu allurarsa a 1981, ƙasarmu Benin kuma ta sa ta cikin rigakafin yara a 2002. Mafi amfani a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, domin wanda ya kamu yana jinjiri shi ne cutar ta fi zama masa a jiki har ta lalata hanta.

Ta biyu ita ce ƙwayar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano dangantakarsu, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Allurar ta fito a 2006. A 2022 wannan sankara ta kashe mata wajen 350,000 a duniya, galibinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar a Oktoba 2023, Kano na cikin jihohin farko. Ana yin ta da wuri ne saboda tana tsare wadda ba ta kamu ba. Ba ta warkar da wadda ta kamu.

Sauran fa? Ƙanjamau, wato SIDA, ya gagari masana, don ƙwayarsa na yawan sake kama. Gwajin Tailan na 2009 ya ba da kariya kashi 31 cikin 100 kawai, wanda aka yi a Afirka ta Kudu kuma aka tsayar da shi a 2020 da aka ga bai yi aiki ba. Tunjere ma ba shi da allura. Shi ciwon sanyi ya fara ƙin magunguna, shi ya sa a 2025 Ingila ta soma ba masu hatsarin kamuwa wata allurar sanƙarau, wadda aka lura tana rage shi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

To, mu a Partago da zangunanmu mene ne namu? Mace mai ciki ta je awo a gwada jininta. A haihu a asibiti, a riƙe katin rigakafin yaro da kyau. Wanda ya ga alamar ciwon sanyi ya bar sayen ƙwayoyi a tebur, ya je likita tare da iyalinsa, don in aka warkar da ɗaya aka bar ɗaya, cutar dawowa take. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.