Lissafin Kwamfuta da Awon Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti da zazzaɓi ya san ɗan abin awon nan na roba wanda malamin asibiti yake ɗiga wa jinin yatsa, ya bi shi da ɗigon ruwan magani, sa'an nan ya ce a dakata kamar minti 15, in layi biyu suka bayyana a ce cizon sauro ne. Abin da ido ba ya gani shi ne, a cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadaran garkuwa, irin waɗanda Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam da dabba, kowanne da furotin ɗaya tak da yake kamawa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. A yawancin waɗannan awo, abin da ake farauta shi ne furotin da ake kira HRP2, wanda ƙwayar cutar take fitarwa cikin jini.

Tun 1975, lokacin da Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da garkuwa iri ɗaya zalla a Kambirij ta Ingila, sana'ar samar da irin wannan garkuwa ta dogara ne ga gwaji da haƙuri: a yi wa ɓera allura, a tace ɗaruruwan nau'o'i, a zaɓi wanda ya fi riƙo, alhali ba a san takamaiman wurin da yake cafkar furotin ɗin ba. To, ga shi kuwa ƙwayar cuta ba ta zauna ba. A 2010 aka ba da rahoto daga Peru cewa akwai ƙwayoyin da suka daina yin HRP2 ɗungurungum, daga bisani lamarin ya tsananta a Eritiriya har hukuma ta sauya irin awon da take amfani da shi, domin majiyyaci yana kwance magashiyyan, awo yana cewa lafiya lau.

A nan ne fa'idar kwamfuta ta bayyana. Tun da manhajar AlphaFold ta nuna a 2020 cewa ana iya hasashen surar furotin daga jerin sinadaransa kawai, aikin da ya kai ga lambar Nobel ta 2024, masana suna iya duban furotin ta kowace fuska, su nemi sashen da bai cika sauyawa ba, su ƙiyasta garkuwar da za ta dace da shi tun kafin a taɓa kwalba. Haka kuma, da ilmin hisabi ake kwaikwayon tafiyar jini cikin takardar, a san adadin garkuwar da ya kamata a shafa da inda ya dace a ja layi, saboda wani abin al'ajabi: idan furotin ya yi yawa ainun yakan cika garkuwar duka, layin ya dushe a kan wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Sai dai a ganina bai kamata a kai na'ura matsayin alƙali ba, domin 'yar lanƙwasar da ke bakin garkuwa, wadda ita ce ke yin kamun, har yanzu tana ba manhajoji wahala, kuma babu hasashen da ke zama hujja sai an jarraba shi da jinin majiyyata na haƙiƙa, cikin zafi irin na watan Afrilu a Sakkwato. Kafin a kai can, mai karatu, idan awo ya ce babu cizon sauro amma zazzaɓi ya ƙi sauka, ka koma asibiti ka nemi a duba jinin da madubin likita.