Me ke fasa tayar tirelar yawon shaƙatawa?

A Amurka iyalai da yawa suna da ɗan ɗakin kwana mai taya, wato tirelar yawon shaƙatawa, wanda mota ke ja zuwa wurin hutu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu shi shi ne fashewar taya a hanya.

Yawanci ƙarancin iska ne sanadi. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗau zafi har robar ta rabu da wayoyin ciki. Lodi da gudu na ƙara tsananta abin, domin tayoyi da yawa masu alamar ST ba a ƙera su don wuce kilomita 105 a awa ba. Ga kuma tsufa, wanda aka fi rainawa: tirelar kan yi watanni a ajiye, rana na busar da robar alhali zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke jikin taya ke faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

In taya ta fashe, yagaggiyar robar kan tsinka wayoyin lantarki da bututun gas, don haka su za a fara dubawa. Tayar da gefenta ya yage ba a yi mata faci. In tayoyi biyu ne a jere, ta kusa da ita ma, da ta ɗauki nauyin biyu, gara a canza ta. Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin taya ta yi zafi.