Ann Calvello: Matar da ta yi fiye da shekara 50 tana cin abinci da ihun 'yan kallo

A duniyar wasanni kowa tafi yake nema. Ann Calvello kuwa ihu ta nema, kuma ta samu. Tun daga 1948 har zuwa 2000 wannan Ba'amurkiya tana ɗaura takalmin taya tana shiga fili, 'yan kallo na zaginta, wasu har da jifa, ita kuma tana ƙara tunzura su.

Wasan da ta yi suna a cikinsa shi ne Roller Derby. Tsere ne a kan takalma masu tayoyi, a wani zagayayyen dandamali na katako mai gangare. Kowace ƙungiya na sa mutum biyar a fili. Akwai mai neman maki, wanda aikinsa shi ne ya kutsa ta cikin cunkoso, ya zagayo, ya wuce abokan hamayya, kowane mutum ɗaya da ya wuce maki ɗaya ne. Sauran kuwa su tare hanya da kafaɗa da ƙugu. Wani ɗan kasuwa mai suna Leo Seltzer ne ya ƙirƙiro shi a birnin Chicago a 1935, da farko a matsayin tseren juriya, daga baya aka shigo da ture-ture saboda an lura shi ne ke tayar da mutane daga kujerunsu. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin zamanin shi ne mata da maza ƙungiya ɗaya suke, doka ɗaya, suna karɓa-karɓa, a haɗa makinsu wuri guda.

An haifi Calvello ranar 1 ga Agustan 1929 a Newport da ke jihar Rhode Island, ta tashi a San Francisco. Ba ta cika shekara 20 ba ta shiga harkar, daidai lokacin da talabijin ya fara kai wasan cikin gidajen Amurkawa.

Masu shirya wasan sun san cewa tikiti ba ya sayuwa sai akwai wanda ake so da wanda ake ƙi. Wadda ake so ita ce Joan Weston, doguwar tauraruwar ƙungiyar Bay Bombers. Calvello ta ɗauki ɗaya kujerar da hannu biyu. Takan rina gashinta kore ko shuɗi ko ruwan hoda, ta shafa farin jan-baki a kan fatar da rana ta ƙona, tun shekaru da dama kafin irin wannan shiga ta zama yayi. Ta yi faɗa da alƙalan wasa, ta kai duka ta bayan fage, ta mayar wa 'yan kallo baƙar magana. Hamayyarta da Weston ta cika manyan zauruka a shekarun 1960 zuwa farkon 1970.

Akwai wasan kwaikwayo a cikin lamarin, kamar kokawar Turawa da ake nunawa a talabijin. Sai dai katako bai san wasa ba. An ruwaito cewa hancinta ya karye sau 12, har aka yi mata laƙabi da mai hancin ayaba, ban da haƙarƙari da gwiwar hannu. Wanda ya ce duk shiri ne, sai ya bayyana yadda ake shirya karaya.

A 1973 Jerry Seltzer, ɗan wanda ya kafa wasan, ya rufe harkar, a shekarar da tsadar man fetur ta sa yawo da ƙungiyoyi gari-gari ya gagara. Nan ne aka ga abin da shahara ta bar wa 'yan wasan: kusan babu komai. Calvello ta yi aiki a asibiti, ta karɓi tikiti a ƙofar filin wasa, ta zuba wa masu sayayya kaya a jaka a kantin Safeway. Matar da dubban mutane suka biya kuɗi don su yi mata ihu ce ke tambayar mai cefane irin jakar da yake so. Amma duk lokacin da wani ya yi yunƙurin farfaɗo da wasan, ko da a ƙaramin zaure ne, sai ta ɗauko takalmanta.

A 2000, tana da shekara 70 da ɗoriya, ta sake shiga fili a shirin talabijin na RollerJam. A 2001 aka fitar da fim na tarihin rayuwarta mai suna Demon of the Derby.

A daidai wannan lokaci wasu 'yan mata a birnin Austin na jihar Texas suka tayar da wasan daga barci, amma a wannan karon su ke da ƙungiyoyin, su ke tsara dokoki, ba wani uban gida mai ƙirga kuɗin ƙofa. Daga can ya bazu zuwa Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu, kuma yau yawanci a shimfiɗaɗɗen fili ake yinsa, gasa ta gaske ba shiri. Da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Austin ta tashi raɗa wa kofin gasarta suna, ba ta zaɓi tauraruwar da ake tafa wa ba. Kofin Calvello ta kira shi.

Ann Calvello ta rasu a California ranar 14 ga Maris, 2006, sakamakon cutar dajin hanta, tana da shekara 76.