'Yan hippie da tarbiyyar yara: yadda guguwar ta iso har ajinmu

Da wuya a yi taron iyaye da malamai a nan Kaélé wani uba bai miƙe ya ce tun da aka hana bulala yara suka lalace ba, kuma wai duk aikin Turawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai labarin ya fi haka tsawo.

A shekarun 1960 ɗimbin matasan Amurka suka bijire wa tsarin rayuwar iyayensu. Sun ƙi yaƙin Vietnam, sun ƙi bautar kuɗi, suka yi dafifi a birnin San Francisco a 1967, da kuma bikin kiɗa na Woodstock a 1969. Su ake kira hippie. Irin wannan guguwa ta kaɗa a Faransa a watan Mayun 1968.

Da suka fara haihuwa, sai suka koma ga ungozoma, da shayar da nono maimakon madarar gwangwani, da goyo, da renon taro. A wani ƙauye da suka kafa a jihar Tennessee a 1971, Ina May Gaskin ta yi suna wajen karɓar haihuwa a gida. Kowace uwa a Garwa ko Marwa za ta yi murmushi, domin mu tun fil azal ɗa na kowa ne.

Inda aka rabu shi ne batun iko. Littafin A. S. Neill a kan makarantarsa ta Summerhill a Ingila, inda ba a tilasta wa yaro shiga aji, ya samu karɓuwa sosai bayan fitowarsa a 1960. Wasu iyayen suka zarce gona da iri: babu lokacin barci, babu kwaɓa, babu hani. Daga baya wasu cikin yaran da suka tashi haka suka ce 'yancin ya zame musu maraici.

A 1966 Diana Baumrind, masaniyar halayyar yara a jami'ar Berkeley, ta kasa iyaye gida uku: masu tsanani, masu sakin linzami, da masu haɗa ƙauna da doka. Bincikenta ya nuna 'ya'yan kashi na uku sun fi natsuwa da dogaro da kai.

Ba 'yan hippie kaɗai suka kawo dokokin yau ba, amma zamaninsu ya taimaka wajen share hanya. Suwidin ta haramta dukan yara a 1979, Faransa sai a 2019. A Kamaru, sashe na 35 na dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ya hana azabtar da ɗalibi a makaranta.

To, bulala doka ta karɓe daga hannun malami, ba iko ba. Yaron da ya san lokacin dawowa gida, ya san dalili, ya kuma san me zai biyo baya idan ya saɓa, ya fi jin magana a kan wanda tsoro kawai ya sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara ba karyawa yake yi ba.